Daga Akwatin Wasiƙun Masu Sauraro: Tsuntsayen Ƙarshen Damina

 Yau ma ga mu ɗauke da wasiƙunku. A wannan mako mun ware guda huɗu da suka zo mana daga yammacin Jihar Zamfara, watau daga Gummi da Bukkuyum da Anka, kuma dukkansu a kan tsuntsaye suke magana. To lokacinsu ne. Daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba gero ya fitar da kai, fadamun Gulbin Zamfara sun cika, fara da tsutsa sun yawaita, saboda haka duk inda mutum ya ɗaga ido sai ya ga mai fiffike. Waɗansu 'yan gida ne, waɗansu kuwa baƙi ne daga uwa duniya. Bari mu ɗauki wasiƙun ɗaya bayan ɗaya.

BALBELU SUN MAMAYE MINI ITACE

Wasiƙar farko ta fito daga wani mai tireda a Gummi. Ya ce balbelu sun yi sheƙa a kan wani babban itace da ke ƙofar gidansa, sun fi ɗari, ga kuka dare da rana, ga kashi, ga wari, har masu sayayya sun fara ƙyamar tsayawa. Yana tambaya, shin ya sare itacen ne, ko kuwa akwai maganin da zai sa musu su mutu?

To Malam, mun ji kukanka, kuma ba mu raina shi ba, don wanda bai kwana a gindin itacen balbelu ba bai san abin da ake nufi da wari ba. Amma kafin ka ɗauko gatari bari mu gaya maka ko su wane ne waɗannan maƙwabta naka.

Balbela a damina take haihuwa a ƙasar Hausa. In ka lura da kyau za ka ga a wannan lokaci ba fara fat take ba, akwai wani ja-ja kamar an shafa mata jar ƙasa a ka da ƙirji da gadon baya. Wannan ita ce kwalliyar aurenta, in lokacin ya wuce sai ta koma fara. Namijin ke ɗauko ƙirare, macen ke gina sheƙa, ta yi ƙwai biyu zuwa biyar masu launin shuɗi-shuɗi. Su biyun ne ke karɓa-karɓar kwanci har kwana 23 ko fiye da haka kaɗan, sa'an nan 'ya'yan su yi kamar wata guda kafin su iya tashi. Ka ga ke nan daga ƙwai zuwa tashi bai wuce wata biyu ba. Abin da ya dame ka yau, in ka yi haƙuri, kafin a gama yankan gero ya kau da kansa.

Me suke ci? Hausawa na yi mata kirari da ci da motsin wani, kuma sun yi gaskiya. Tana bin shanu ne saboda farar da ƙafar saniya ke tayarwa daga cikin ciyawa, haka kuma take bin mai huɗa da garma don tsutsar da ke fitowa daga ƙasa. Fara da gyare da ƙuda da ƙananan kwaɗi su ne abincinta. Mutane da yawa na zaton kaska take cirewa a jikin shanu, alhali wannan aikin carki ne, ita ba ta cika yin sa ba. Hatsi kuwa ba ta taɓa shi. Yanzu ka ƙiyasta, sheƙa ɗari, kowace da baki uku ko huɗu a buɗe tun asuba har magariba, kuma duk abin da ake ɗura musu daga gonakin da ke kewaye da Gummi ake kwaso shi. Wannan feshin maganin fara ne wanda ba a biya ko kwabo ba.

Batun guba kam muna roƙonka ka bar shi. Guba ba ta san balbela ba. Wadda ta ci ta faɗo, kaza ta tsattsage ta, kare ya ɗauka, yaro ya tsinta ya gasa. Guba irin wannan tana cikin abubuwan da suka ƙarar da ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahautar kowace kasuwa, ga shi tun shekarar 2015 masana suka sa ungulun da muka sani ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Ga abin da za ka yi. Ka matsar da teburinka daga gindin itacen na ɗan wannan lokaci. Kada a shanya hatsi ko gari a wurin, a rufe randa da tulu, yara su wanke hannu in sun yi wasa a nan. Kashin kuma a riƙa share shi ana tarawa a rami tare da shara da toka, in ya ruɓe taki ne mai ƙarfi, ya yi daidai da na kaji. In ba ka son su dawo baɗi, ka bari sai 'ya'yan sun tashi, da rani ka rage rassan da suka yi sheƙa a kai, sa'an nan da farkon damina, tun ba su yi ƙwai ba, a riƙa korarsu da buga gwangwani da maraice. Za su nemi wani itacen a bayan gari. Gaskiya ne kashinsu in ya yi shekaru yana zuba yakan ƙona itace, saboda haka rage rassan ma taimakon itacen ne. Amma sare shi gaba ɗaya hasara biyu ce, ka rasa inuwa, manoma su rasa ma'aikata.

Daɗin daɗawa, wannan balbela da kake gani a bayan saniya ba ƙaramar matafiya ba ce. Da fikafikanta ta ƙetare tekun Atilantika daga Afirka. A 1877 aka fara ganinta a Kudancin Amurka, a 1953 kuma aka same ta tana sheƙa a jihar Fulorida ta ƙasar Amurka. Yau tana bin shanu a can kamar yadda take bin na Fulanin Gummi.

BAƘIN DA KE SAUKA A FADAMA

Wasiƙa ta biyu daga wani manomin shinkafa ce a ƙasar Bukkuyum. Ya ce kowace shekara in damina ta yi nisa yakan ga waɗansu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da siririn baki suna yawo a bakin ruwa, alhali da bazara babu su. Daga ina suke zuwa? Suna cin shinkafa? Sa'an nan ya ce ya ji ana cewa akan kama tsuntsu da zobe a ƙafa, shin na aljanu ne ko na masu leƙen asiri?

Madalla da wannan tambaya, Malam. Da fari dai mu raba 'yan gida da baƙi. Zalɓe da kirinjijiya da zakaran ƙeƙuwa, wannan mai baƙi da fari da ke ƙwala ihu in ka matso kusa da ƙwansa, duk ana ganinsu a ƙasarmu shekara ta zagayo. Waɗanda kake nufi kuwa baƙi ne, kuma daga Turai da arewacin Rasha suke zuwa. A can suke haihuwa a watannin Mayu da Yuni, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, ƙwari kuma suka cika ko'ina. Da sun gama renon 'ya'ya sai su kamo hanya tun sanyi bai sauko ba, don in ya sauko ruwa kan daskare ya zama ƙanƙara, ba sauran abinci. Iyaye ke fara isowa cikin Agusta, 'ya'yan su biyo baya da makonni, su kaɗai, ba mai nuna musu hanya.

Guda uku za ka fi gani. Akwai wani ƙarami mai bayan ƙasa-ƙasa da farin ciki, wanda ba ya daina kaɗa gindi sama da ƙasa, in ya tashi kuma sai ya bi dab da fuskar ruwa. Yawanci shi kaɗai yake kiwo. Akwai mai ɗige-ɗigen fari a baya, da farar gira, da ƙafafu masu ruwan ɗorawa, shi ya fi son cikin shinkafa inda ruwa bai kai gwiwa ba. Waɗannan biyun tsutsa da ƙwarin ruwa suke ci, ba ruwansu da amfaninka. Na ukun shi ne mai zuwa garke-garke, wanda mazan suka fi matan girma sosai har ka ɗauka iri biyu ne. Shi kam, gaskiya ɗaya ce, yana cin shinkafa. Sai dai yawanci wadda ta zube a ƙasa bayan girbi yake tsinta, yana haɗawa da tsutsa. In ka sa yaro ya kore su daga inda ka yi sabon yafi ya isa, ba sai an kai ga tarko ko guba ba.

Batun zobe kuwa, ba na aljanu ba ne, ba na leƙen asiri ba ne, ba kuma zinariya ba ce balle a kai wa maƙeri. Ga asalin abin. Turawan da can ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya da sanyi ba, har waɗansu malamansu na cewa cikin taɓo suke nutsewa su yi barci. Sai a 1822 aka harbo wata farar shamuwa irin ta Turai a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na mutanen Afirka ya huda wuyanta, da shi ta yi duk tafiyar. Har yau gawarta na nan a ajiye a jami'ar birnin Rostok. Wannan ya tabbatar musu da cewa ƙasashenmu tsuntsayen ke zuwa. A 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mara nauyi mai ɗauke da lamba da adireshi, don duk wanda ya tsinta ya aiko da labari. Tun daga nan ake yi. A zamanin nan ma har 'yar na'ura akan ɗaura wa waɗansu a baya, mai nuna hanyar da tsuntsun ya bi. Tsuntsun take bi, ba mutane ba.

In Allah ya sa ka gamu da irin wannan, ka kwafe duk abin da ke rubuce a jikin zoben, ka rubuta rana da sunan wurin, in tsuntsun na da rai ka sake shi. Sai ka ba malamin gona ko malamin daji takardar. A Najeriya akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke aiki tare da Jami'ar Jos tun farkon shekarun 2000, irin wannan labari shi suke nema.

Kada kuma ka ɗauka fadama wurin banza ce a idon duniya. Saboda waɗannan baƙi ne mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, Yarima Filip, ya zo har Dagona a fadamun Haɗeja da Nguru a 1989, a shekarar 2000 kuma aka sa wani sashe na fadamun a jerin dausayin da duniya ta yi alkawarin kiyayewa. Tsuntsun da ya sauka a Nguru da wanda ya sauka a bakin Gulbin Zamfara hanya ɗaya suka biyo.

YAYA ZA A GANE JAN BAKI?

Wasiƙa ta uku wata baiwar Allah ce ta aiko daga Anka. Ta ce 'ya'yanta ke tsaron gero, kuma duk ƙaramin tsuntsun da suka gani sai sun harbe shi da danƙo, su ce jan baki ne. Ita kuwa tana ganin kamar ba duka ne ɓarayi ba. Yaya za a bambanta?

Hajiya, idonki ya gane gaskiya, kuma a baki ake ganewa. Duk tsuntsun da ke cin hatsi bakinsa gajere ne mai kauri, don fasa ƙwaya. Jan baki haka yake, bakin ja wur, ko da yake na macen kan koma ruwan ɗorawa lokacin haihuwa. Sa'an nan ba ya tafiya shi kaɗai, in sun taso sai ki ga kamar hayaƙi yana murɗawa a sama. Masana sun ƙiyasta kowane ɗaya na cin kamar giram 10 na ƙwaya a rana, watau garke mai miliyan 2 zai iya lashe tan 20 kafin rana ta faɗi. Wannan shi ne abokin gaba, kuma manoman Zamfara da Kebbi da Sakkwato ba sa bukatar a ba su labarinsa.

Amma akwai waɗansu ƙanana da ke fara bayyana cikin Satumba da Oktoba, bakinsu siriri kamar tsinke. Ba sa garke. Za ki ga ɗaya ko biyu suna tsalle-tsalle cikin ganyen ƙaya suna leƙa ƙarƙashin kowane ganye. Wani kore-kore ne da ɗan ruwan ɗorawa a ƙirji, wani kuma mai farin maƙogwaro ne da fikafikai ja-ja. Waɗannan tsutsa da ƙananan ƙwari suke ci, bakinsu ma ba zai iya fasa gero ba. Su ma daga Turai suke.

Ki gaya wa yaran wannan labari, wataƙila hannunsu ya yi sanyi. Wannan kore-koren nauyinsa bai fi na kwalin ashana ba, kamar giram 8 zuwa 10. Kafin ya taso sai ya yi ta ci har ya tara kitse, kitsen nan shi ne guzurinsa. Ya ƙetare tekun Bahar Rum, sa'an nan ya fuskanci hamadar Sahara, tafiyar da ta kai kilomita 1,500 zuwa 2,000 ba ruwa ba abinci. Yawanci da dare suke tafiya. Masu bincike a ƙasar Suwidin sun ɗaura wa wani ɗan'uwansa da ya fi shi girma na'ura, suka tarar in rana ta same shi a kan hamada yakan hau sama fiye da mita 5,000. An ƙiyasta ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ke yin wannan tafiya daga Turai zuwa Afirka kowace shekara, da yawa kuma a hanya suke mutuwa. Wanda ya tsira, koren farko da zai gani bayan rairayi shi ne na ƙasashenmu. To a ce bayan duk wannan wahala ɗan dutsen yaro ne zai ƙarasa shi, alhali tsutsar gonar uban yaron ya zo ci?

Akwai abin da ya faru da ya nuna yadda rayuwarsu ke ɗaure da tamu. A bazarar 1969 mutanen Ingila suka wayi gari mai farin maƙogwaron nan bai koma musu ba sai kaɗan, kusan kashi uku cikin huɗu sun ɓace a shekara guda. Suka yi ta bincike a ƙasarsu ba su ga dalili ba. Daga baya aka gane ruwa ne ya yi ƙaranci a yankinmu na Sahel a daminar 1968, farkon farin nan da ya kai ga yunwar 1973 wadda dattawanmu ba su manta ba. Watau tun mutanen duniya ba su san halin da ake shiga a nan ba, tsuntsu ya riga ya kai labari.

Wane itace suke so? Waɗansu masana 'yan ƙasar Holan sun yi shekaru suna ƙidayar tsuntsaye itace bayan itace a faɗin Sahel, suka tarar baƙin nan sun fi taruwa a itatuwan ƙaya na gargajiya irin su gawo da aduwa da dangin bagaruwa, ba su cika kula dogon yaro da turare ba. Gawo kuwa kin san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar shuka ta sha rana, in damina ta ƙare ya yi sabon ganye, daidai lokacin da baƙin ke sauka. Manoman Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar, tun cikin shekarun 1980, suka koma barin tohon itatuwa a gona suna gyara shi maimakon ƙonewa, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200. Sun yi ne don taki da makamashi da abincin dabbobi, tsuntsaye kuma suka samu masauki. Wanda ya bar gawo a gonarsa ya yi wa kansa, ya yi wa baƙo.

Game da jan baki, in kuka gano inda suke kwana ko inda suka yi sheƙa, a gaggauta sanar da malamin gona. Feshin jirgi aikin hukuma ne, kuma maganin da ake amfani da shi yana kashe waɗansu tsuntsayen ma, saboda haka kada kowa ya tsinci waɗanda suka faɗo bayan feshi ya ci ko ya kai kasuwa.

MENE NE AMFANIN KALLON TSUNTSU?

Wasiƙa ta ƙarshe daga wani dattijo ce, shi ma a ƙasar Anka. Ya ce ya ji ana cewa Turawa har kuɗin jirgi suke biya don su je kallon tsuntsaye. Shi a ganinsa wannan aikin wanda ya ƙoshi ne, talakan da ke fama da gona da rashin kwanciyar hankali me zai ƙaru da shi?

Baba, a gafarce mu, amsar wannan tambaya a ƙasarku take, kuma amsa ce mai ɗaci. A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara mutuwa suna ɓacewa a waɗansu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mutane sun gani, don daga baya su da kansu suka faɗa wa masu bincike, amma a lokacin ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Agwagwa ce kawai. Ba a daɗe ba yara suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga. Cikin watan Maris na shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yawan mace-macen, aka yi gwaji, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje. Ƙurar ta shiga ƙasa, ta shiga tafki. Agwagwa da ke kiwo da baki cikin taɓo ita ta fara haɗiya, sa'an nan yaro mai rarrafe da ke sa hannu a baki. A ƙauyuka biyu da aka fara bincikawa an tarar ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Gaba ɗaya yara fiye da 400 aka rasa. Sunayen Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da Tungar Daji da Bagega sun zagaya duniya. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma sai a 2013 aikin ya kai gare ta. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri.

Ba muna ɗora wa kowa laifi ba ne, Baba, don ba wanda ya taɓa gaya wa mutane cewa mutuwar agwagwa saƙo ce. Amma yanzu an sani. Tsuntsu jikinsa ƙarami ne, yana shan ruwan da muke sha, yana kiwo a ƙasar da jikokinku ke wasa, saboda haka abin da zai kama mutum sau da yawa shi yake fara kamawa. Haka abin yake ga murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a wata gonar kaji a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006. Kallon tsuntsu a wurinku ba nishaɗi ba ne kawai, gadi ne.

Kuma ai kun daɗe kuna yi, suna ne kawai ba ku sa masa ba. Wa ya gaya wa manomi ya gyara iri in ya ga shamuwa ta sauka a kan kukar gari? Wa ya gaya masa damina ta yi sallama in ya ga ta tattara 'ya'yanta ta nufi kudu? Ita shamuwar tamu ba Turai take zuwa ba, kudancin Afirka take tafiya, wajen su Zambiya da Zimbabuwe, ta ci farar daminarsu ta dawo ta ci tamu. Wannan ilimi na kakanni shi muke so a ci gaba da shi, a ƙara masa alƙalami.

Ga shawararmu ga duk mai sauraro. A kowane ƙauye a sami yaro ɗan makaranta ko almajiri mai rubutu, da boko ko da ajami, a ba shi ɗan littafi. Ya rubuta ranar da shamuwa ta zo da ranar da ta tafi. Ya ƙidaya sheƙar balbelu a itacen gari sau ɗaya cikin Agusta. Ya rubuta ranar da aka fara ganin baƙin fadama, da ranar da aka fara ganin jan baki da inda suka fito. Da sassafe ko bayan la'asar aka fi ganinsu, a zauna shiru rana na bayan mutum, ba sai da madubin hangen nesa ba. In an yi shekara uku ana haka, littafin da kansa zai fara magana.

Muna kuma ja muku kunne da abu biyu. Na ɗaya, kowa ya san halin tsaro a wannan yanki, kada yaro ko babba ya shiga daji ko fadama mai nisa saboda tsuntsu, abin da ake gani daga bakin gari da hanyar gona ya wadatar. Gulbi ma a wannan lokaci ba abin wasa ba ne, mutanen Gummi ba su manta ambaliyar daminar 2024 ba. Na biyu, in kuka ga kaji ko agwagi ko tsuntsayen daji suna mutuwa da yawa a wuri guda, kada a taɓa da hannu, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa. A hana yara zuwa wurin, a daina shan ruwan da ke kusa, a sanar da mai unguwa da malamin dabbobi da malamin asibiti a ranar, ba sai gobe ba. In ana dakan dutsen zinariya a kusa, a faɗa musu wannan ma, kuma a fitar da aikin daga cikin gida.

To jama'a, nan za mu dakata a wannan mako.  Wanda ya ga wani tsuntsun da bai gane ba, ya rubuto mana kamanninsa, da girmansa, da irin bakinsa, da inda ya gan shi, da sunan da ake kiransa a garinsu, don sunan da ake faɗa a Zamfara wani lokaci ba shi ake faɗa a Kano ba, mu ma muna so mu ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa a girbe lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.